Alhamis ɗin Kipchoge

Kafin ƙarfe shida na safiyar Alhamis, duhu bai gama yayewa daga dajin Kaptagat ba, sanyin tudu kuma yana ratsa riga ya taɓa ƙashi. Ƙauyen yana yammacin Kenya, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga birnin Eldoret, a kan tudun da ya ɗara teku da kusan mita 2,400. A irin wannan lokaci ne wasu maza da mata sirara suke fitowa daga ƙofar wani sansani da gininsa bai fi na makarantar kwana ba, su tsaya cirko-cirko a bakin hanya suna miƙe gaɓoɓi. Daga cikinsu akwai Eliud Kipchoge, mutumin da ya ci lambar zinare sau biyu a gudun fanfalaki na Olamfik, ya kuma kafa tarihin duniya sau biyu. Abin da suka fito yi ba shi da armashi ga mai kallo. Za su yi gudun kilomita 30 ne, wani makon kuma 40, a kan jar ƙasa mai hawa da gangara, wadda damina kan mayar da ita taɓo, motar kocinsu Patrick Sang tana biye da su da gorunan abin sha. Babu 'yan kallo sai yaran da ke kan hanyar makaranta da shanun da ke gefen hanya. Idan sun gama, su koma sansani su sha shayi da madara da burodi, su kwanta.

Duniya ta san Kipchoge da awa biyu. A Balin, a watan Satumba na 2022, ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Wanda yake son ya ji nauyin wannan adadi a jikinsa, ya auna mita ɗari a filin ƙwallo ya gwada ƙure ta cikin daƙiƙa 17, sannan ya ƙaddara zai maimaita haka sau 422 a jere ba tsayawa. Amma awa biyun nan ba ya fuskantar ta sai sau biyu a shekara, wata shekarar sau uku. Sauran ranakun duka na sansani ne, inda yake kwana daga Litinin zuwa Asabar, nesa da matarsa da 'ya'yansa uku da ke Eldoret, yana tara fiye da kilomita 200 a mako. Talata ta filin tsere ce, Asabar ta gudun da ake sauri a sassauta a sake sauri, sauran ranakun na sassarfa. Galibin ranakun Alhamis kuwa na dogon gudu ne, kuma a kansa aka ɗora sauran.

Dalilin haka yana cikin wani lissafi mai sauƙi na jikin ɗan Adam. Tsoka tana aiki da makamashi iri biyu. Na farko sukari ne da jiki ke sarrafawa daga tuwo da shinkafa da burodi ya adana a tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin. Na biyu kitse ne. Sukarin kamar kirare yake a murhu, nan da nan ya kama, ya ba da wuta mai ƙarfi, nan da nan ya cinye. Kitse kuwa gungume ne, yana daɗewa yana ci amma ba ya bal-bal. Jikin babban mutum ba ya iya adana sukarin da ya wuce na kalori dubu biyu ko kusa da haka, alhali gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Ke nan mai nauyin kilo 70 yana bukatar kusan kalori dubu uku kafin ya ga ƙarshen fanfalaki. Kirarensa ba za su kai shi ba. Kitsen da ke jikin ko da siririn mutum ya isa ya yi wannan tafiya sau da yawa, sai dai ba ya ƙonewa da saurin da tsere ke nema.

Inda rumbun sukarin ke ƙarewa, galibi tsakanin kilomita 30 da 35, masu gudu suna kiran wurin bango, domin ji ake kamar an yi karo da gini. Ƙafafu su yi nauyi, ido ya riƙa ganin hazo, lissafin da bai fi na ɗan firamare ba ya gagari ƙwaƙwalwa, domin ita ma da sukari take aiki. Tun a gasar Olamfik ta Landan ta 1908, wadda daga gare ta aka gaji wannan tsawo na kilomita 42 da mita 195, jama'a suka ga yadda ƙarshen fanfalaki yake yi da mutum. Wani Ba'italiye mai suna Dorando Pietri ya shigo filin wasa shi ne a gaba, ya juya ta inda ba nan ne hanya ba, ya faɗi ya tashi ya sake faɗuwa har sau da dama, sai da jami'ai suka tallafe shi ya ƙetare layi. Tallafin nan ne ya sa aka ƙwace nasarar aka bai wa Ba'amurken da ya biyo shi. Kilomita talatin ɗin farko, duk mai ƙoshin lafiya da ya yi 'yan watanni yana motsa jiki zai iya lallaɓawa ya cinye su. Sha biyun ƙarshe su ne fanfalakin.

Dogon gudun mako-mako shi ne hanyar da aka sani ta tura wannan bango gaba. Idan mutum ya daɗe yana gudu a hankali, awa biyu ko fiye, jiki yana karɓar saƙon cewa irin wannan wahala za ta dawo, sai ya shiga gyara. Zuciya tana ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu. Ƙananan hanyoyin jini suna ƙara yaɗuwa a cikin tsoka, kamar yadda ake ƙara yanka magudanai a fadama don ruwa ya kai kowane fage. Ƙananan murahun da ke cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda ake kira mitokondiriya, suna ƙaruwa su kuma girma. Mafi muhimmanci ga mai fanfalaki, tsoka tana koyon cin gungume tun da wuri ta riƙa tattalin kirare, har ya zama sukarin da a da yake ƙarewa a kilomita 28 yanzu yana kaiwa 35 ko ya wuce. Ciki ma sai an koya masa, domin hanjin da bai saba karɓar ruwan sukari ana tsakar gudu ba yakan mayar da shi ranar gasa. Gorunan da ke cikin motar Sang na wannan darasi ne. A Kaptagat kuma akwai ƙarin da tudu ke bayarwa kyauta: iskar can ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa, don haka jiki yake ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin.

Matsalar ita ce gyaran nan ba ya tafiya da sauri ɗaya. Zuciya da huhu sukan nuna canji cikin 'yan makonni. Agara da jijiyoyin gwiwa da ƙasusuwan ƙafa kuwa sai sun ɗauki watanni, domin jinin da ke isa jijiya kaɗan ne, ƙashi kuma a hankali yake sake gina kansa. A tsakanin nan ne sababbin masu gudu da yawa suke karyewa. Mutum ya ji numfashinsa ya buɗe, ya ɗauka ya iso, ya ƙara kilomita goma a mako guda, bayan kwana kaɗan ya tashi da ciwon da zai zaunar da shi wata biyu. Shi ya sa tsarin da masu horarwa suka saba bai wa mai son gudun fanfalakinsa na farko yakan ɗauki mako 16 zuwa 20. Dogon gudun yana farawa daga kilomita 12 ko 15, ana ƙara biyu ko uku a mako, bayan kowane mako uku ko huɗu a ja baya don jiki ya huta. Mafi tsawonsa yakan tsaya a kilomita 30 zuwa 32, ko awa uku a kan ƙafa, kuma ana yin sa saura mako uku gasa. Daga nan sai ragewa. Ba a yin cikakken tsawon a atisaye, domin ɓarnar da zai yi wa jiki ta fi ribarsa. Kilomita goman ƙarshe, mai gudun farko ba ya haɗuwa da su sai ranar.

Akwai wani abu a cikin Alhamis ɗin Kipchoge da ya fi adadin kilomita wuyar kwaikwayo. Ba ya zuba duk ƙarfinsa. Ya sha gaya wa 'yan jarida cewa a ranakun aiki mai tsanani ba ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da zai iya, a ranakun sassarfa kuma rabi, cikakken ƙarfin yana ajiye shi ne don ranar gasa. Ayarin kan tashi a hankali, har wanda bai san su ba zai yi zaton zai iya bin su, sannan sauri ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, sai a kashi na ƙarshe ake buɗe wuta. Kilomita 40 takan ɗauke su tsakanin awa biyu da kwata zuwa awa biyu da rabi, gwargwadon hanya da ruwan sama. Ga kowa wannan gudu ne na fitar hankali, amma ga mai iya gama 42 cikin awa biyu da minti ɗaya, akwai saura a aljihu. Matasan da ke biyo ayarin daga ƙauyukan kewaye, masu neman a gan su, su ne sukan yi wuf su wuce gaba. Ba laifinsu ba ne ƙwarai, domin wanda ba shi da kwantiragi ba shi da wani dandalin nuna kansa sai wannan hanya. Amma wanda ya ci tseren ranar Alhamis ya ci abin da ba a ba da lada a kansa, ya kuma ci bashin da Asabar za ta biya.

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi ba talakan mai gudu wahala, fiye da tashin asuba. Abin da ake gaya masa shi ne ya yi dogon gudunsa da saurin da zai iya hira da na kusa da shi, jimla cikakkiya ba haki. Sai ya ga abin kamar wasa, ga agogon hannu yana nuna masa adadi, ga abokai za su gani a waya. Girman kai ya sa ya ƙara sauri, gudun ya tashi daga mai gina jiki ya koma mai rushe shi, kuma ko koyon cin kitsen da aka fito dominsa bai samu yadda ya kamata ba, tunda sauri kirare yake ci. Da wuya a sami wani fanni na wasanni da rage ƙoƙari yake zama gwaninta kamar nan.

Ba a Kenya aka fara wannan tunani ba. Wanda ya fi kowa yaɗa shi wani mutumin Niyu Zilan ne, Arthur Lydiard, ma'aikacin kamfanin takalma a birnin Okland, wanda ya gwada tsarin a jikinsa kafin ya ɗora wa kowa. Kowace Lahadi yana fitar da yaran unguwarsa su yi gudun kilomita 35 ta cikin tsaunukan Waitakere, a mako kuma su tara kusan 160. Abin da ya ba masana zamanin mamaki shi ne har mai tseren mita 800, wanda gasarsa ba ta kai minti biyu ba, sai ya bi wannan hanya. An yi masa dariya har zuwa gasar Olamfik ta Rum a 1960, inda a yini guda Peter Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5,000. Bayan 'yan kwanaki wani ɗalibin nasa, Barry Magee, ya zo na uku a fanfalaki, a tseren da Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi a ƙafarsa. Daga nan dogon gudun ƙarshen mako ya zama farilla ga masu gudun nesa a ko'ina. 'Yan Kaptagat ranar kawai suka sauya.

Rayuwar Kipchoge kanta ta bi wannan sannu. An haife shi a 1984 a gundumar Nandi, auta a wurin uwar da ta rene su ita kaɗai, malamar makarantar yara. Yana saurayi yana ɗaukar madara a keke ya kai kasuwa. Sang maƙwabcinsu ne, tsohon ɗan tsere da ya ci azurfa a Olamfik ta 1992, kuma tun yaron yana ɗan shekara 16 yake rubuta masa tsarin atisaye. A 2003, yana da shekara 18, ya ci gasar duniya ta mita 5,000 a Faris, ya bar Hicham El Guerrouj da Kenenisa Bekele a baya. Sai kuma aka shekara kusan goma yana zuwa na biyu ko na uku, har a 2012 ya kasa samun gurbi a ayarin Kenya na Olamfik. Ana ganin tauraronsa ya dushe ne ya koma fanfalaki, ya ci na farkonsa a Hambug a 2013. Ƙafafun da ya shigo da su sun riga sun yi fiye da shekara goma suna tara kilomita. Duk wani atisaye da ya yi yana rubuce a littafi da biro, littafi bayan littafi, kuma ya ce idan gasa ta matso yakan buɗe ya duba, ya tabbatar wa kansa an yi aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sansanin kuwa, duk da dukiyar da ya tara, yana cikin jerin masu shara da wankin banɗaki idan layi ya zo kansa.

Ranar da amfanin Alhamis ya fi fitowa fili ita ce 16 ga Satumba 2018 a Balin. A manyan gasanni akan ɗauki hayar masu jan gaba, su tare wa gwani iska su daidaita masa sauri har zuwa kilomita 30 idan an yi sa'a. A ranar, na ƙarshensu ya janye tun a kilomita 25. Saura 17, ba kowa a gabansa sai mota mai agogo. Ya gama rabin farko cikin minti 61 da daƙiƙa 6, ya gama rabi na biyu, inda bangon yake, cikin minti 60 da daƙiƙa 33. Ya rage tarihin duniya da minti ɗaya da daƙiƙa 18 a tashi guda. Masu kallo sun lura da murmushin da yake yi a kilomitocin ƙarshe, wanda shi da kansa ya ce dabara ce ta sassauta jiki idan zafi ya kai. Irin wannan sanin halin zafi, a gane wanda za a haƙura da shi da wanda yake gargaɗi, ba a samun sa a ɗakin gwaji. Wanda ya sha ratsa kilomita 35 da gajiyayyun ƙafafu a dajin da ba mai tafi, idan ya iso wurin ranar gasa ba baƙo ba ne.

Dole a faɗi cewa ba kowane ɗan Kenya ne ya yarda da wannan doguwar hanya ba. Akwai allurar EPO, wadda ke yi wa jini cikin makonni abin da tudu da atisaye ke yi a hankali. Jemima Sumgong, wadda ta ci zinaren fanfalakin mata a Riyo a 2016, an kama ta da shi a shekarar da ta biyo, kuma jerin 'yan Kenya da aka dakatar tun daga lokacin yana da tsawo har ya sa ana yi wa kowace bajinta kallon tuhuma. Ba a taɓa samun Kipchoge da laifi ba a cikin fiye da shekara ashirin. Akwai kuma sababbin takalma masu faranti a tafinsu, waɗanda ba mai musun sun rage lokutan kowa. Duk da haka, takalmin da allurar ba su ɗauke wa kowa dogon gudu ba. Masu maguɗin ma suna yin sa.

Abin da dogon gudu ba ya bayarwa shi ne tabbas. A Landan a 2020, cikin ruwan sama da sanyi, kunnensa ya toshe, ya zo na takwas. A Boston a 2023 ya zo na shida. A watan Oktoba na wannan shekarar wani matashi, Kelvin Kiptum, ya karɓe tarihin duniya a Shikago da awa 2 da daƙiƙa 35, bayan wata huɗu kuma ya rasu a haɗarin mota tare da kocinsa, a kan hanyar da ke kusa da Kaptagat ɗin nan, yana da shekara 24.

Sai ranar Asabar, 10 ga Agusta 2024, a Faris, birnin da ya fara yin suna shekara 21 kafin nan. Kipchoge ya zo neman zinare na uku a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi a fanfalaki. Ya yi watannin sansani kamar kullum, an cika littafi. Hanyar tana da hawa masu tsanani ta wajen Basai, kuma tun kafin a kai rabi aka gan shi dafe da ƙugu, ayarin gaba yana nisa da shi. Bayan kilomita 30 ya koma tafiya, jama'a suka kewaye shi suna taka masa, ya tsaya ya cire takalmansa da rigarsa ya miƙa wa 'yan kallo, ya shiga motar da ke kwashe waɗanda suka gaza. Bai taɓa barin fanfalaki bai gama ba sai ranar.

Wanda ya ci tseren, Tamirat Tola na Habasha, ba ya cikin ukun da ƙasarsa ta zaɓa tun farko. Ɗan jiran ko-ta-kwana ne, sai da Sisay Lemma ya ji rauni saura kusan mako biyu aka kira shi. Mako biyu ba sa gina komai a fanfalaki. Da bai ci gaba da dogon gudunsa ba a watannin da ba wanda ya yi masa alkawarin gurbi, da kiran bai amfane shi ba. Ya gama cikin awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 26, lokacin da ba a taɓa yi ba a Olamfik, a kan hanyar da ake cewa ta fi kowacce wuya. Da yammacin wannan ranar kuma Faith Kipyegon, wadda take sansani ɗaya da Kipchoge a ƙarƙashin Sang, take kuma bin maza dogon gudun duk da tserenta bai kai minti huɗu ba, ta ci zinarenta na uku a jere a mita 1,500.

Kipchoge ya koma Kaptagat. A watan Afrilu na 2025, yana da shekara 40, ya tsaya a layin farawa a Landan, ya zo na shida cikin awa 2 da minti 5 da daƙiƙa 25, daƙiƙa biyar ƙasa da lokacin da ya ci Hambug da shi shekara goma sha biyu kafin nan.